Yadda Ake Neman Kwafin Shari'a a Kotu: Jagora ga Mutanen Jega, Aliero da Maiyama

Yawancin shari'un da ake yi a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ba sa wuce abu huɗu: gado, iyakar gona ko fadama, aure, da bashi. Alƙali yana yanke hukunci, wanda ya yi nasara zai tafi gida ana yi masa barka, wanda ya faɗi ya tafi yana cizon yatsa. Kaɗan ne suke komawa ofishin rajistara su nemi takardar abin da aka yanke. Sai bayan shekara goma ko ashirin, dattawan da suka ba da shaida sun kwanta dama, alƙalin ya yi ritaya, sannan wani jika ya taso ya ce fadamar nan ta kakansa ce. Ranar ce ake tunawa an taɓa yin shari'a a kanta, kuma ranar ce ake gane cewa "ai kowa ya sani" ba hujja ba ce a gaban kotu.

Abin da kotu take karɓa shi ne kwafin shari'a mai hatimi, wanda lauyoyi suke kira CTC. Da shi ake rufe bakin wanda ya sake ta da maganar da aka riga aka yanke, da shi ake ɗaukaka ƙara, da shi ake neman kotu ta zartar da hukuncinta. Samunsa ba ya bukatar lauya ko sanin wani babba. Yana bukatar mutum ya san kotun da za shi, abin da zai nema, da abin da doka ta ba shi.

Abin da kotu take ajiyewa

Kowace kotu tana da ofishin rajistara, kuma a nan takardu suke, ba a hannun alƙali ba. Akwai rajistar ƙararraki, babban littafin da ake shigar da kowace ƙara ranar da aka kawo ta: lambarta, sunan mai ƙara, sunan wanda ake ƙara, da abin da ake nema. Akwai fayil ɗin ƙarar, mai ɗauke da sammaci, shaidar cewa an kai sammacin, rasit, da takardun da aka gabatar a matsayin hujja. Akwai kundin zama, inda alƙali yake rubuta abin da kowa ya faɗa, tun daga da'awar mai ƙara da amsar abokin shari'arsa, zuwa bayanin shaidu, rantsuwa in an yi ta, da izari, wato tambayar ƙarshe da ake yi wa masu shari'a ko suna da sauran magana kafin hukunci. Sai kuma takardun da suke fitowa bayan hukunci: takardar rabon gado, takardar mallakar gida ko gona, takardar shaidar mutuwar aure, ko umarnin biyan bashi.

Tun daga gida ka yanke shawarar wanne kake so. Matar da aka raba aurenta ta hanyar hul'i, tana son ta sake aure, takardar shaidar rabuwar auren ta ishe ta. Magajin da yake son ya sayar da kasonsa, takardar rabo da ta mallaka yake bukata. Amma mai ɗaukaka ƙara, ko wanda aka sake kai shi ƙara a kan tsohuwar gona, dukan kundin zai nema, domin a cikinsa ne aka ambaci iyakokin gonar gabas da yamma, kudu da arewa, da sunayen maƙwabta.

Wace kotu ce ta yi shari'ar?

A nan ne mutane suka fi ɓata kuɗin mota. Takarda tana zama ne a kotun da ta saurari maganar. Babu wani ofishi guda a Birnin Kebbi da za ka je a latsa kwamfuta a fito maka da shari'ar da aka yi a ƙaramar kotun ƙauye.

Idan maganar aure ce, ko saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta, ko rikicin gona tsakanin Musulmi, mafi yawa kotun Shari'a ce ta yi ta, ƙarama ko babba. Waɗannan kotuna sun gaji aikin kotunan yanki, waɗanda aka fi sani da kotun eriya, bayan jihar Kebbi ta ƙaddamar da tsarin Shari'a a shekarar 2000, zamanin gwamna Muhammad Adamu Aliero. Da Hausa suke rubuta kundinsu. Idan kuwa 'yan sanda ne suka gurfanar da mutum, galibi kotun majistare ce, kuma majistaren nan yakan zauna a matsayin alƙalin kotun gunduma ya saurari ƙarar bashi da ta haya. Manyan laifuka kamar kisan kai da fashi da makami, da ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam, da rikicin filin da yake da takardar mallaka ta gwamna, na Babbar Kotun Jiha ne. Kundin majistare da na Babbar Kotu da Turanci suke.

Sai ka tambayi kanka: an ɗaukaka ƙarar? In an ɗaukaka, hukuncin ƙarshe shi ne mai aiki, don haka can za ka bi shi. Maganar aure da gado takan tashi daga ƙaramar kotun Shari'a zuwa babba, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Birnin Kebbi, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin irin waɗannan al'amura. Rikicin mallakar gona zalla, wanda babu gado ko kyauta a cikinsa, Kotun Ƙoli ta sha bayyana cewa ba ya cikin wannan hurumi, saboda haka afil ɗinsa Babbar Kotun Jiha yake zuwa. Daga waɗannan kotuna biyu sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya reshen Sakkwato, sannan Kotun Ƙoli a Abuja. Mutumin Mungadi ko Sabiyal ko Kimba da ya san mahaifinsa "ya kai maganar har Sakkwato", in a waccan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ce, to akwai cikakken kundin shari'ar a can, an ma fassara shi da Turanci, domin sai an yi haka kotun take sauraro.

Bayanan da za ka tafi da su

Lambar ƙara ita ce mabuɗi. Tana rubuce a saman sammaci, a kan rasit ɗin kuɗin ƙara, da takardar beli. Ƙarshenta yakan nuna shekarar da aka shigar da ƙarar. Kafin ka fita, bincika akwatin tsoho, cikin jakar littattafansa, ko wurin wanda ya tsaya masa wakili. Guntun sammacin da ya yi shekaru yana iya rage maka wahalar mako guda.

In babu lamba, ka tafi da abu huɗu: cikakken sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara kamar yadda aka rubuta su a lokacin, har da laƙabi da sunan gari, shekarar da aka yi shari'ar, ko shekaru biyu zuwa uku da ake zaton a cikinsu ne, abin da aka yi shari'a a kansa, da sunan alƙalin in ana tunawa. Dattawa ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe ta da abin da ya faru. Wanda ya ce "shekarar da aka ba mu jiha" yana nufin 1991. Wanda ya ce "lokacin da aka fara ginin jami'ar Aliero" ya kai ka wajen 2006. Da irin wannan ne ma'aikacin kotu zai san littafin da zai ɗauko. Ka riƙe katin shaidarka, na ɗan ƙasa ko na zaɓe.

Takardar nema

Ba da baki ake nema ba. Ko rajistara ya san ka, rubuta takarda, domin ita ce shaidar ranar da ka nema. A kotun Shari'a Hausa ta wadatar. Ga yadda take:

"Zuwa ga Rajistara, Kotun Shari'a ta (sunan kotun). Ranka ya daɗe. Neman kwafin shari'a mai hatimi. Ni (sunanka), mazaunin (garinku), ni ne mai ƙara a shari'a mai lamba (lambar), tsakanina da (sunan abokin shari'a), wadda aka yanke hukuncinta ranar (kwanan wata). Ina roƙon a ba ni kwafin hukuncin da na dukan zaman da aka yi, masu ɗauke da hatimin kotu. A shirye nake in biya kuɗin da doka ta tanada. Na gode."

Ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka rubuta kwanan wata da lambar waya. Ka yi ta biyu: ɗaya ta ofis, ɗaya a buga mata tambarin karɓa a mayar maka. Kada ka bar ofishin ba tare da taka ba.

Idan ba kai ne ka yi shari'ar ba, faɗi alaƙarka da ita a cikin takardar: ɗan marigayi ne kai, ko kai ka sayi gonar daga wanda ya yi nasara. Matar da ba za ta iya zuwa da kanta ba tana iya tura mahaifinta, ko wanta, ko ɗanta da takardar wakilci mai sa hannunta. Haƙƙin nata ne, babu wanda ya isa ya ce sai da yardar tsohon mijinta. Ɗan jarida ko ɗalibi mai bincike shi ma yana iya nema, sai dai rajistara zai kai takardarsa gaban alƙali ko babban magatakarda don neman izini. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce a bainar jama'a ake shari'a, amma ya ba kotu damar rufe ƙofa saboda kare yaran da ba su kai shekara 18 ba, ko kare tarbiyya da sirrin masu shari'a. Irin waɗannan fayiloli ba a buɗe wa wanda ba shi da ruwa da su.

Kuɗi da rasit

Akwai kuɗin da hukuma ta ƙayyade, kuma yana bin yawan shafuka: hukunci mai shafi uku ba ɗaya yake da kundi mai shafi sittin ba. Idan sai an bincika tsofaffin littattafai, akan ƙara kuɗin bincike. Ka nemi a rubuta maka lissafin, ka biya inda aka tanada, ka karɓi rasit na gwamnati. Wannan rasit ba don gudun cuta kaɗai ba ne. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya sa biyan kuɗin hukuma a cikin sharuɗɗan ingancin kwafi, kuma lauyan abokin shari'arka yana iya neman a yi watsi da takardarka idan babu alamar an biya. Kuɗin da aka danƙa wa wani a bakin ƙofa "don a hanzarta" ba ya shiga wannan lissafi.

A kotunan da alƙali yake rubutu da hannu, sai an buga kundin da na'ura, an karanta an gwada da na asali, kafin a sa hatimi. Wannan yana cin kwanaki. Tambayi ranar da za ka dawo, ka rubuta ta a bayan takardarka, ka karɓi lambar wayar ofis ko ta ma'aikacin da aka ɗora wa aikin. Safiyar Litinin zuwa Alhamis ta fi dacewa da zuwa. Ranar Juma'a aiki gajere ne.

Duba kafin ka fita

Dokar Shaida ta faɗi abin da yake mayar da takarda kwafi tabbatacce. Dole a rubuta a jikinta cewa kwafi ne na gaskiya na asalin da ke ajiye, a sa kwanan wata, jami'in da ya tabbatar ya rubuta sunansa da muƙaminsa ya sa hannu, a kuma buga hatimi. Ɗaya ya ɓace, takardar ta raunana. Hoton da ka ɗauka da waya, ko kwafin da aka yi maka a shagon bakin kotu ba tare da tabbatarwa ba, yana da amfanin tuni, amma Babbar Kotu ba za ta karɓe shi a matsayin hujja ba.

Ka zauna nan cikin harabar kotu ka karanta, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka. Dubi sunaye, musamman inda ake da Muhammadu uku a gida ɗaya. Dubi iyakokin gona, adadin kuɗi, kason kowane magaji, da jerin lambobin shafi, kada wani ya faɗi. Kuskuren bugu ana gyara shi nan take a gwada da littafin alƙali. In ka tafi da shi gida, wata rana shi za a kafa maka hujja da shi. In da hali, nemi kwafi biyu masu hatimi, domin wanda ka miƙa wa wata kotu a matsayin hujja yakan daɗe bai dawo hannunka ba.

Kwanakin da doka ta ƙidaya

Wanda aka yi wa shari'ar laifi, a kowace kotu, sashe na 36(7) na tsarin mulki ya ba shi ko wakilinsa damar samun kwafin hukunci cikin kwana 7 da gama shari'ar. Sashe na 294(1) kuma ya wajabta wa manyan kotuna, irin su Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, su ba masu shari'a tabbataccen kwafin hukunci cikin kwana 7 da yanke shi.

Mai niyyar afil ya kula da wannan sosai. A ƙananan kotuna alƙali yakan rufe hukunci da cewa wanda bai gamsu ba yana da kwana 30. Zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wata 3 ne a hukuncin ƙarshe na ƙarar da ba ta laifi ba, kwana 90 a shari'ar laifi, kwana 14 kacal a umarnin da aka bayar ana tsakiyar shari'a. Kwanakin nan daga ranar hukunci suke fara tafiya, ba daga ranar da kwafi ya zo hannunka ba. Saboda haka ka shigar da afil ɗinka a kan lokaci, kwafin ya biyo baya. In lokaci ya riga ya ƙure, takardar nemanka mai tambarin karɓa tana cikin abin da za ka nuna wa kotu yayin roƙon ƙarin lokaci.

Idan shari'ar tsohuwa ce

Kotunan wannan yanki sun sauya hannu sau da yawa. Kafin 1968 kotunan alƙalai suna ƙarƙashin En'e ta Gwandu, kuma tsofaffin littattafansu da Larabci ko ajami aka rubuta da yawansu. Daga nan gwamnatin Jihar Arewa maso Yamma ta karɓe su, suka koma kotunan yanki. A 1976 aka shiga jihar Sakkwato, a ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke jihar Kebbi, a 2000 aka sake musu suna da tsari. Ga kuma ƙauyukan da a da Jega suke kai ƙara, daga baya aka buɗe kotu kusa da su. Don haka tambayar da za ka yi wa dattawa ita ce: a wane gari aka zauna? Ka fara da kotun da take garin a yau, domin ita ta gaji littattafan wadda ta gabace ta. In ba a samu ba, ka rubuta wa babban magatakardar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ko na Babbar Kotu a Birnin Kebbi.

Takardun zamanin Turawa kuwa, na lardin Sakkwato wanda ƙasar Gwandu take cikinsa, ana neman su a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sun fi amfani ga mai binciken tarihin sarauta da iyakokin gundumomi, kuma neman shari'ar mutum ɗaya a cikinsu aiki ne mai son haƙuri.

Idan an ce fayil ya ɓata, ko ana ta yi maka gobe-gobe

Gara, ɗigar rufi da sauyin ofis suna cin takardu, wannan gaskiya ne. Amma ɓatan fayil ba ɓatan shari'a ba ne. Nemi a duba rajistar ƙararraki da kundin zama na shekarar, domin littattafai ne daban da fayil. Tambayi abokin shari'a, lauyan da ya tsaya, ko kotun da aka kai afil. Nemi rajistara ya rubuta maka a takarda cewa an bincika ba a samu ba. Idan kundi ya salwanta ɗungurungum ana cikin afil, kotun sama tana da ikon ba da umarnin a sake shari'ar.

In kuwa jinkiri ne kawai, bi matakai. Sake rubuta wa rajistara, ka ambaci ranar takardarka ta farko. In shiru, rubuta wa alƙalin kotun cikin ladabi, ka buɗe da "Allah ya gafarta Malam". Daga nan sai sashen sufetocin kotuna ko babban magatakarda a Birnin Kebbi, sannan Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha in akwai zargin neman na goro. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta haɗa da hukumomin shari'a, ta kuma ba su kwana 7 su amsa. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, musamman mai ɗan'uwa a tsare, yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a babban birnin jiha.

Abin da ba a kotun da ta yi shari'a yake ba

Rahoton da aka kai caji ofis, in ba a gurfanar da kowa ba, yana wurin 'yan sanda. Takardar mallakar fili ta gwamna tana ma'aikatar filaye, ta gargajiya kuma tana ƙaramar hukuma. Sulhun da aka yi a gaban hakimi ko maigari yana fadarsa, in an rubuta, kuma yana ƙara ƙarfi in an kai shi kotu ta mayar da shi hukunci. Takardar izinin karɓar kuɗin mamaci daga banki ko kamfanin fansho, a sashen gado na Babbar Kotu ake neman ta, ko da kotun Shari'a ce za ta raba dukiyar. A intanet kuma, shafuka irin su NigeriaLII da LawPavilion suna ɗauke da hukunce-hukuncen manyan kotuna, musamman Kotun Ƙoli da ta Ɗaukaka Ƙara. Shari'ar da ta ƙare a ƙaramar kotu ba ta kai can, kuma abin da ka sauke daga can ba ya maye gurbin mai hatimi.

Bayan ka karɓa

Sa takardar a leda mai kauri, ka ajiye ta a sama cikin akwatin ƙarfe. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan ba ya bukatar a faɗa masa dalili. Kada ka manne ta da roba mai zafi, domin wani ofis yakan so ya taɓa hatimin ko ya yi rubutu a bayanta. Ɗauki hoton kowane shafi, ka ba wani amintacce a cikin dangi kwafi, ka rubuta lambar ƙarar da sunan kotun a wuri na daban. Ka sanar da 'ya'yanka, maza da mata, inda take.

Tun ran gini tun ran zane. A makon da aka yanke hukunci, fayil yana kan tebur, alƙalin da ya rubuta yana nan, kuskure yana gyaruwa cikin sauƙi. Duk wanda yake da shari'ar da aka gama, ko shi ya ci ko shi aka ci, ya je kotun da ta yi ta ya karɓi kwafinsa mai hatimi tun babu wanda ya ta da maganar.